Kan Jirgin Malam Labbo

Ku da kuke tsayawa a bakin rumfata kuna ɗaukar hoton jiragen gwangwanin nan da waya, kuna cewa ai wannan ko yaro ma ya yi, ku matso ku zauna. Ga benci nan, ku kore kajin. Tun da mai shi ya tashi ba wanda ke zama a kansa sai su. Sunana Garba, amma a Kaura in ba ka ce Garba Mai-gwangwani ba, ba wanda zai nuna maka hanya. Ba na jin haushi don kun ce aikin da sauƙi. Abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda kuke ɗauko kowane kan jirgi ku maƙala wa kowane tarago, ku ce ai duk jirgi jirgi ne. Ba haka ba ne, kuma zan gaya muku yadda na sani.

Aikin da aka fara ba ni a rumfar ubangidana, Malam Bawa, wankin gwangwani ne. Ba yanka ba, ba liƙi ba, wanki. In zagaya wurin masu shayi da masu abinci na bakin tasha in tsinto gwangwanayen madara da na tumatir da na kifi, in kawo in dirje su da toka, in shanya. Na ga damina na ga rani ina wannan kafin ya bar ni na riƙe almakashi. Da ya ba ni almakashin ma, iyakata in cire murfi da gindi, in tsaga cikin, in shimfiɗa shi a kan guntun ƙarfen dogon jirgi da muke bugu a kai, in yi ta bi da gudumar katako har ya kwanta sumul. In ya shafa ya ji tudu ko ɗaya, sai ya jefo mini shi a ƙafa, ya ci gaba da aikinsa. Malam Bawa ba ya duka, ba ya zagi. Shirunsa kaɗai ya ishe ka kwana da ciwon kai.

Kayan aikin nan da kuke gani yawancinsu nasa ne, Allah ya jiƙansa. Almakashin ƙarfe, gudumar katako, 'yar gudumar ƙarfe, filaya, magagari, ƙarfen liƙi da ake cusawa cikin garwashi, dalma, da 'yar kwalbar ruwan batir da ake shafawa kafin dalma ta yarda ta kama. Guntun dogon nan kuwa ya girme ni. Liƙi shi ne wuyar aikin. In ƙarfen bai yi zafi ba dalma ta dunƙule ta ƙi tafiya, in ya wuce kima ta gudu ta bar maka rami. Ba ma'auni ba komai, kusanto shi kake da kumatunka ka ji. Dubi tabon nan, ranar da na kusanto shi fiye da yadda ya kamata ke nan. Abin da ke ciyar da gida a lokacin aci-balbal ne da mazurari da rariya da ludayin awon mai. Jirgi aikin bayan la'asar ne, sai sallah ta matso ake yinsa da yawa.

Kan jirgin da na fara yi da hannuna, gwangwanin madara na kwantar ya zama tukunya, na yi masa ƙafafu da marfin kwalba, na kai wa Malam Bawa ina washe baki. Bai karɓa ba. Ya zaro tsinken ashana ya tsayar a gefensa, ya ce wannan shi ne mutum. Ya ce in duba da kyau, kan mutumin nan ya wuce rufin ɗakin direba, to ta ina zai shiga? Daga ranar na gane cewa a wannan sana'a tsinken ashana shi ne ɗan Adam, kuma da shi ake auna komai, ƙofa, taga, tsayin ƙafa, har tankin ruwa. Sannan ya kore ni, ya ce in tafi tasha in kalli na gaske, kada in dawo sai idona ya cika.

A lokacin jirgin kwal na shigowa Kaura. Da yawanku ba ku taɓa ganin jirgi ya shigo garin nan ba, balle mai kwal. Baƙi ne wuluk, yana huci yana tsartar da tururi ta gefe, ƙasa na rawa a ƙarƙashin ƙafarka tun bai bayyana ba. Na je na tsaya dab da shi ina ƙirga ƙafafunsa da yatsa. Sai wani saurayi ya leƙo daga ɗakin direba, riƙe da shebur, fuska duk baƙin kwal, haƙoransa kaɗai ake gani. Ya ce da ni, "Kai yaro, matsa kar tururi ya dafa ka." Na matsa. Ya jefo mini ɗan dunƙulen kwal, na cafe. Shi ne Labbo, fayaman, wato mai zuba wa jirgi kwal a wuta. Ban san sunansa ba a ranar, shi ma bai san nawa ba.

Akwai abu guda da Malam Bawa ya koya mini wanda ba za ku ji shi a wani gari ba. Kaura ce ƙarshen dogo. Daga Gusau jirgi ke tahowa, in ya iso nan ba gaba, sai wani ƙaton katako da aka gicciye inda layi ya ƙare. In zai koma sai an kai kan wurin juyi an juya shi ya fuskanci kudu. Saboda haka in muka yi layi, ba ma yinsa zagaye kamar faifai, irin na robar nan mai batir da ke ta kewaya wuri ɗaya. Namu miƙaƙƙe ne, yana da ƙarshe. Kuma in za ka jera jirgi a tabarma, ko ka miƙa wa mai saye, dole kan ya kalli ƙarshen layin, ya zama mai isowa. Malam Bawa ya ce mu nan ba a wuce mu, sai dai a zo mana ko a bar mu, kuma ba mutumin Kauran da zai sayi jirgin da ke barinsa. Ban taɓa karya wannan ƙa'ida ba.

Na ci kasuwar Shinkafi da jiragen nan, na ci ta Zurmi, na ci ta Dauran. In ɗaure su a kwali, a saman mota, ina addu'a kada yaron mota ya ɗora mini buhun gero a kai. A can na koyi masu saye. Bafulatani ba ya sayen jirgi sai da taragon shanu, kuma sai ya leƙa ya tabbata an bar wa dabbobin wurin shan iska, in babu ya ajiye maka abinka. Fataken da ke gangarowa daga wajen Nijar su kuma fenti suke so, ja da shuɗi, don ba su da wani jirgi a ransu da za su gwada da shi. Amma mutumin da ya san jirgi, kafin ka taɓa almakashi sai ka tambaye shi wanne ya sani. Dattijo zai ce maka baƙi mai hayaƙi. Wanda ya biyo bayansa zai ce kore mai ratsin rawaya, mai shan man dizal, wanda ba shi da bututu. In ka ba dattijo mai dizal, zai karɓa don kunya, ya ba jikansa ya karya. Kuma kai da tarago sai sun zama sa'o'in juna. Taragon buhunan gyaɗa na mai kwal ne. Ka ɗaura wa mai dizal shi, kamar ka sa wa tsoho wandon ɗan makaranta ne. Wani malamin makaranta daga Banga ya taɓa sa ni na yi masa tasha sukutum don ya nuna wa ɗalibansa, shi ne ya fara sa ni haɗa layi da tanki da rumfar fasinja a kan allo ɗaya.

Sannan abubuwa suka fara janyewa ɗaya bayan ɗaya. Jirgi ya rage zuwa, ya zo ya daina. Fitilar batir ta kashe aci-balbal. Roba ta kashe mazurari. Amma shekarar da ta fi kowace muni ita ce wadda hanya ta lalace, aka rufe kasuwanni, waya ta ɗauke. Ba Shinkafi, ba Zurmi, ba Dauran. Mutanen ƙauye da ke saye a hannuna wasu sun gudo gari suna kwana a kangaye, wa zai yi maka zancen jirgin wasa? Na koma liƙin bokiti da butar da ta huje. Wata rana in buɗe rumfa in rufe ban hura gawayi ba. Maƙwabtana na layin nan suka watse, mai gyaran rediyo ya koma Gusau, mai ɗinkin takalmi ya rasu. A shekarar ce kuma uwar 'ya'yana ta rasu, yaran kuwa dama kowa na inda yake neman abinci. Sai ya zama in na yi sallama a gida ba mai amsawa.

A cikin wannan shekara Malam Labbo ya fara zuwa rumfata. Ya daɗe da barin aikin reluwe, yana zaune shi kaɗai a wani ɗaki bayan tasha, idonsa ya tafi gaba ɗaya. Da sandarsa yake bin gefen dogo, don ya ce shi kaɗai ne hanyar da ba ta canza masa ba. Ƙarar gudumata ya biyo. Ya tsaya ya ce wa ke bugu a kan dogo a nan, don ya san kukan ƙarfen. Na ba shi benci. Da hira ta yi hira na ba shi labarin yaron da aka jefa wa kwal, ya yi dariya har da tari, ya ce yaran da ya jefa wa kwal sun fi a ƙirga, amma ya yarda ni ne na fi su ƙaton kai. Tun daga nan kullum da hantsi sai ya zo. Ina bugu yana zuba. Yadda ake watsa kwal a wuta, ba a tara shi wuri ɗaya. Yadda hawan da ke kafin Gusau ke shan tururi. Direban da ya yi aiki da shi mai kwaɗayin rake. Labarin guda zai ba ni sau goma, ni kuma in yi kamar ban taɓa ji ba. Mu ci ƙosai tare, mu je azahar ina riƙe da sandarsa, mu dawo. Ba na ɓoye muku, in ban da shi da na rufe rumfar nan tuni. Shi kaɗai ya rage mini wanda in na ce jirgi, ya san abin da nake nufi.

Aikin da nake son ba ku labarinsa ya zo ne da damina. Malam Labbo ya zame a bakin kwalbati ana ruwa, ya kwanta a wurin har sai da masu wucewa suka tsince shi. Allah ya kiyaye bai karye ba, amma ya yi jinya. Ɗiyarsa Saratu, wadda ke aikin asibiti a Zariya, ta zo ta ce sai ta tafi da shi. Ya ƙi. Ta yi lallashi, ta yi kuka, ta haɗa shi da limami, ya kafe. Daga ƙarshe don ta ƙyale shi ya ce mata, in ta iya ɗaukar tashar Kaura da kan jirginsa ta kai Zariya, to zai bi ta. Shi a ganinsa ya rufe magana. Bai san ɗiyar da ya haifa ba.

Washegari sai ga ta a rumfata. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Baba Garba, tasha nake so ka yi mini, da jirgin Baba a ciki, wanda in ya shafa zai ce nasa ne. Ya yi alkawari a gaban liman, ba zai tashe shi ba." Ta ciro waya ta nuna mini hotuna, wani fari mai dogon hanci, wani ja mai ƙyalli, ta ce ko irin waɗannan. Ba laifinta ba ne, an haife ta bayan an kashe wutar mai kwal. Na ce ta mayar da wayarta jaka, na san wanda ake nufi. Ta ce za ta koma bakin aiki, in an gama in aika mata.

Da ta tafi na zauna na rasa abin da ke mini daɗi. Ku duba lamarin. In na yi aikin ya yi kyau, Malam Labbo zai tafi, in koma ni da kaji. In ya shafa ya ji ba nasa ba ne, zai ture shi ya ce ba a cika sharaɗi ba, ya zauna. Kuma ɓata shi ba wuya. In rage ƙafa ɗaya a kowane gefe, ko in yi mai dizal in ce shi na sani. Saratu ba za ta taɓa ganewa ba, duk garin nan ma ba mai ganewa sai mutum ɗaya, shi kuwa murna zai yi. Wallahi na yi wannan tunani, har na ji daɗinsa. Amma na tuna mutumin nan kwance a bakin kwalbati ruwa na dukansa, ni ina gida ban sani ba. Ni ba zan iya yi masa abin da ɗiyarsa za ta yi masa ba. Kuma hannun da Malam Bawa ya horar bai iya yin ƙafa uku a inda huɗu suke ba, ko na ce ya yi ba zai yi ba.

To, zaɓen kai ba shi ne a ce mai kwal kawai ba. Masu kwal ma iri-iri ne. Akwai ƙaramin da ke kai da kawo a cikin tasha yana jera taragu, wanda tankin ruwansa ke manne a gefensa. Akwai babban da ke jan kaya, mai taragon kwal da ruwa a bayansa. Malam Labbo ya fara da ƙaramin, amma duk labarinsa na babban ne, don haka shi na ɗauka. Manyan ƙafafu huɗu a kowane gefe, da ƙanana a gaba, da ƙanana a ƙarƙashin ɗakin direba, da sandar ƙarfe da ta haɗa manyan tana kai da komo. Ban tambaye shi komai ba. Duk abin da nake buƙata ya riga ya zuba mini shi a kunne a kan bencin nan.

Aikin makaho kuma daban yake da na mai ido, wannan a kansa na koya. Fenti ba shi da amfani. Abin da ido ke yafewa yatsa ba ya yafewa. Kowane bakin gwangwani sai na kalmashe shi na bi da magagari, don kada ya yanke shi. Ƙusoshin jikin tukunya na fito da su ɗaya-ɗaya, ina bugawa ta ciki da dakusasshiyar ƙusa, yadda zai ji su kamar ƙuraje a jere. Ƙafafu ban yi su da marfin kwalba ba, dalma na narka na zuba a ramin da na sassaƙa a jikin busasshen yumɓu, don su yi nauyi. Ƙofar wuta na yi mata 'yar maƙalata tana buɗewa tana rufewa. Na yi shebur ɗan mitsitsi. Maimakon fenti, na turara kan da hayaƙin aci-balbal na shafe shi da baƙin mai. Sannan na je bayan tsohon tankin tasha na tona ƙasa, don har yanzu in ka tona za ka samu ɓurɓushin kwal na wancan zamani. Na daka shi na cika taragon baya.

Duk wannan a gabansa nake yi, don da ya samu sauƙi ya dawo zamansa a benci. Na ɗauka ban da ido ba zai gane ba. Ranar da nake fito da ƙusoshin tukunya ya katse labarin direba mai rake, ya karkata kai ya saurara.

"Garba, mi kaka yi? Wanga bugu ba na bokiti ba ne."

Na ce wani aiki ne aka kawo.

Ya ce, "Ɗiyar nan ta zo wurinka ke nan." Na ci gaba da bugu. Ya juya sandarsa a hannu ya ce, "To ka sani, ko ƙusa ɗaya ka ɓata, ba inda za ni."

Na ce na sani. Na jira ko zai ce in ɓata ɗin. Da ya ce, ban san abin da zan yi ba. Bai ce ba, ni ma ban ƙara ba, ya koma kan labarin rakensa daga inda ya tsaya. Daga ranar ba mu sake tayar da zancen ba, sai dai na lura yana daɗewa bai tashi ba, har sai na fara haɗa kaya.

Na yi allon da faɗin ƙofar ɗaki. Layi miƙaƙƙe da wayar shinge, katakan ƙarƙashinsa na tsinken tsintsiyar kwakwa, tsakuwa daga cikin tashar kanta. Tankin ruwa a kan ƙafafunsa, rumfar fasinja, rumbun ajiyar gyaɗa, da gicciyayyen katakon nan na ƙarshen dogo. Taragu na gyaɗa da na shanu, sa'o'in kan. Na tsayar da tsinken ashana ɗaya a ɗakin direba, kusa da ƙofar wuta. Na gutsure wani ya zama gajere na kafa shi a ƙasa, dab da ƙafafun jirgin. Wannan ba wanda ya sa ni, ni na ga dama. Da na gama na ɗora kan a layi yana kallon ƙarshe, mai isowa, yadda aka koya mini. A wannan karon dai ba don ƙa'ida kaɗai na yi ba.

Saratu ta zo wata ranar Asabar da hantsi, ta kawo shi rumfa tana riƙe da hannunsa. Na ɗora allon a kan benci, ya zauna a gefe. Bai fara da jirgin ba. Ya nemo layin ya bi shi da yatsa a hankali, ya wuce rumbu, ya wuce tanki, har yatsan ya ci karo da katako ya tsaya. Ya ce, "Kaura." Sannan ya dawo ya kama kan. Ya ƙirga ƙafafu ta dama, ya ƙirga ta hagu. Ya motsa sandar da ta haɗa ƙafafun ya ji ta tafi ta dawo. Ya bi ƙusoshin tukunya tun daga bututu har ɗakin direba, yana neman inda na tsallake. Ni kuwa ina tsaye zuciyata ta rabu biyu, rabi na so ya samu, rabi na tsoron ya samu. Ya sa ɗan ƙaramin yatsa ya buɗe ƙofar wuta ya rufe. Ya tsoma yatsa a taragon baya, ya murza, ya kai hanci. Ya daɗe a haka. Saratu ta buɗe baki za ta yi magana, na yi mata alama ta bari.

"Ina kas samo wanga kwal?" ya ce.

Na ce bayan tanki.

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Namu ne. Shi ne." Ya juya wajen da yake jin numfashina ya ce, "Ba ka ɓata komi ba, Garba. Allah ya isa tsakanina da hannunka." Yana faɗa yana murmushi, amma muryar ba ta murmushi ba ce.

Hannunsa ya sauko gefen jirgin ya ci karo da guntun ashanar da na kafa a ƙasa. Ya shafa kansa, ya shafa tsayinsa, ya gane ba babba ba ne. Bai tambayi ko wane ne ba. Ya sunkuya kusa da shi ya ce a hankali, "Kai yaro, matsa kar tururi ya dafa ka." Daga nan ya ɗaga kan jirgin da hannu biyu, ya juya shi ya fuskanci Gusau, ya lalubi layi ya zaunar da ƙafafun ɗaya bayan ɗaya. Ya ce wa ɗiyarsa ta je ta haɗa masa kaya.

Na juya na shiga hura gawayin da ba abin da zan liƙa da shi. Ban taɓa yin aikin da ya kai wannan kyau ba, kuma ban taɓa baƙin cikin aikina irin na ranar ba.

A mota suka tafi, ba a jirgi ba. An ɗaure allon a baya an lulluɓe shi da bargo, kan kuwa ya ƙi yarda a raba shi da shi, a cinyarsa ya riƙe. Yana can yanzu, ana ba shi magani a kan lokaci, ya yi ƙiba ma in ji Saratu. Takan haɗa mu a waya jefi-jefi, sai dai kunnensa ya yi nauyi, ni ina ihu shi yana cewa wa ke magana. Ta ce allon na gefen gadonsa, kullum da hantsi sai ya bi layin da yatsa har ƙarshe.

To kun ji. In akwai mai son koyo a cikinku, ga buhun gwangwani can, ga toka, ya fara da wanki. In kuma hira kuka zo, bencin nan ba mai shi yanzu, ku zo duk ranar da kuka ga dama, ba na kora. Ku ɗauki hoton duk wanda kuke so, ku taɓa, ba sa cizo. Amma baƙin can na kan kanta, mai kallon bango, ƙanen na Malam Labbo ne, na yi wa kaina shi bayan tafiyarsa. Ba na sayarwa ba ne. Isowa yake yi, kada wanda ya juya mini shi.